Dalma Kilo Biyar a Jambutu

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma shekaru da yawa ba abin da nake tinƙaho da shi kamar awona. A layin mahauta na kasuwarmu a Garwa kowa da abin da aka san shi da shi: wani nama mai kitse, wani iya sara ƙashi, wani kuwa surutu kawai. Ni da bakina nake faɗa wa duk mai son ji cewa ba a taɓa tauye kowa a teburina ba. In mai saye ya tsaya yana leƙen sikeli, nan take raina yake ɓaci. Na taɓa korar wani ma'aikaci mai ɗaure da taye don ya ce in sake ɗorawa ya gani. Na ce masa ya ƙara gaba, masu nama sun yi yawa a layin, ni ba a gwada ni. Zuciya gare ni, ban musa ba, kuma a lokacin gani nake ina da dalilin yin ta.

Duwatsun awon da nake aiki da su na mahaifina ne. Duwatsu muke ce musu, amma ƙarfe ne, baƙaƙe, masu kusurwa shida, kowanne da zobe a kansa: na kilo biyu, na kilo ɗaya, na rabi. Ya ce tun zamanin Faransa suke. Har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa yin ƙorafi a kan awonsa. Na karɓi teburin ina ɗan shekara ashirin da biyu, ga mahaifiya ga ƙanne biyar a wuyana. Kullum da yamma in zuba duwatsun a buhu in kai gida, da safe in dawo da su. Ranar da zan ba da labarinta, na yi shekara goma sha uku ina haka.

Gida ɗaya muke da Baffa, ƙanen mahaifina. Shi bai bi fawa ba, maharbi ne. Yana da tsohuwar bindigar toka, da takardarta da yake kira permi, a naɗe cikin leda a aljihun taguwa, yana nuna ta har ga wanda bai tambaya ba. In masara ta fara fitar da goyo a gonakin bakin Binuwai, manoma ke zuwa su ɗauke shi, saboda aladun daji da birai. Ba ya cin abin da ya harba, da masara ake biyansa. Harsashinsa shi ke zuba abinsa a bayan gida, kuma ba ya barin kowa ya matso in yana yi. Abin da ke hana shi sakat a duniya dalma ce. Yadda wasu tsofaffi ba sa iya wuce goro, haka Baffa ba ya iya wuce abu mai nauyi mai launin toka sai ya tsaya ya karce shi da farce.

A daminar nan gwiwarsa ta kumbura, ko babur ba ya iya hawa. Wata safiyar Talata ya kira ni ƙofar ɗakinsa, ya ce in na tashi kasuwa in je Jambutu, akwai mai sayen tsofaffin ƙarafa da aka ce ya tara dalma.

"Kilo biyar za ka sayo min," ya ce. "Ka karce ta da farce, in farce ya shiga to ita ce. Ka kuma yar da ita a kan siminti. In ta yi ƙara kamar cokali, gauraye ce, bar musu kayansu."

"To, Baffa."

"Kuma kada ka yarda da balas ɗin masu feray. Dukkansu ɓarayi ne."

Balas sikeli ke nan, feray kuwa tsohon ƙarfe, haka muke faɗa a nan. Maganarsa ta ƙarshe ce ta sa da na tashi kasuwa bayan azahar na ciro dutsen kilo ɗaya daga buhu na jefa a jakata. Har murmushi na yi. Na ce yau mai feray zai gamu da wanda ya san awo.

Wurin fili ne da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Ƙarafa tuli-tuli, ƙofofin mota, injin niƙa da ya mutu, gadajen ƙarfe, ga ruwan sama ya taru a tsakiya ya yi ja da tsatsa. Mai wurin yana zaune a kan wata kujerar mota da aka ciro, siriri ne, gemunsa ya fara furfura, zai girme ni da kamar shekara goma. Na yi sallama, ya gaishe ni da Fulatanci, ya ce "Jam na?" na ce "Jam," da ya ji harshena sai ya juya Hausa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya tashi ba gaggawa, ya jawo wani buhun siminti daga ƙarƙashin tebur, da hannu biyu, ya zazzage a gabana.

Ban taɓa ganin dalma da yawa haka ba. Akwai guntayen bututu na tsofaffin gidaje, akwai kawunan batirin mota, akwai ƙananan nan da ake maƙala wa ƙafar mota, sai kuma wasu dogaye kamar yatsu masu huda a tsakiya. Ya ce waɗannan na bakin taru ne, daga masuntan Tibati aka kawo su. Na tsuguna ina karcewa ina yarwa a kan dandamalin siminti kamar yadda aka umarce ni, ina ɗaure fuska kamar na gaji sana'ar. Bututun da na tarun suka faɗi dif, ba amo. Na ƙafar motar suka yi ƙara. Na ware waɗanda nake so gefe guda.

"Nawa kilo?"

"Dubu da ɗari biyar."

Na yi dariyar da nake yi a kasuwar shanu in an faɗa min kuɗin saniyar da na riga na yanke shawarar saye. "Patron, dalma na ce, ba azurfa ba. Ɗari bakwai."

"Albarka."

Daga nan na fito da duk abin da na iya. Ni da nake ciniki da dillalan shanu tun ban fara aske gemu ba, mai feray ne zai gagare ni? Na kushe kayan, na ce rabinsu datti ne da tsatsa. Ya ce dalma ba ta tsatsa. Na ce akwai wani a hanyar Pitowa da ke bayarwa ɗari takwas. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na kama hanyar fita har na kai bakin ƙofa, ina jiran ya kira ni, bai kira ba, sai na yi kamar takalmina ne ya kama laka na dawo. A ƙarshe ya sauko dubu da ɗari biyu, ya ce nan ne gaskiyarta, shi ma dubu ya saya. Na hau ɗari tara na tsaya.

"To, mu fara aunawa," na ce. "Amma da nawa dutsen."

Sikelinsa irin nawa ne, mai faranti biyu. Na ciro dutsena daga jaka na ɗora a faranti ɗaya, na ɗauki nasa na kilo na ɗora a ɗayan. Farantinsa ya yi ƙasa, nawa ya tashi sama. Ba ɗan kaɗan ba, yadda ko daga nesa za a gani.

Wallahi daɗi na ji. Ina faɗa ne don a san irin mutumin da nake a ranar. Dutsensa ya fi nawa nauyi, ni kuma ba ta taɓa zo min a rai cewa nawa zai iya zama da laifi ba. To, mai feray saye ya fi yi, ba sayarwa ba. Dutse mai nauyi a hannun mai saye ma'anarsa ɗaya ce: yana karɓar fiye da kilo a hannun talakawan da ke kawo masa ƙarfe, yana biyan kuɗin kilo. Na ɗaga murya yadda na saba a kasuwa.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Da wannan kake auna kayan mutane? Matan da ke yawo a rana suna tsintar gwangwani, da wannan kake cutarsu? Ba ka tsoron Allah?"

Kafin ka ce me, wuri ya cika. Masu walda na maƙwabta suka ajiye aiki, 'yan moto biyu, masu haya da babur, suka kashe inji, ga wasu mata uku da suka kawo tsofaffin tukwane suna jiran a auna musu. Ɗaya daga cikinsu ta fara tafa hannu tana cewa dama ta daɗe tana zargi. Ni kuma, Allah ya yafe min, na sunkuya kusa da kunnensa na rage murya na ce, "Ka bar min a ɗari takwas, in yi shiru in tafi." Ni da nake yi masa wa'azi yanzun nan, na mai da wa'azin abin neman ragi.

Ya dube ni na ɗan lokaci. Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona min rai. Ya ratsa cikin mutane ya tsallaka titi zuwa wani kanti, ya dawo riƙe da kwalin sukari mai ƙwaya, na kilo ɗaya, sabo, ba a ɓare ba. Mai kantin ya biyo shi don ya ga abin da za a yi da kayansa.

Ya sauke dutsena, ya ɗora sukarin daura da nasa. Farantan suka yi lilo suka tsaya kusan daidai, na sukarin ya ɗan rinjaya da nauyin kwali. Sai ya sauke nasa dutsen ya mayar da nawa. Farantin sukarin ya faɗi ƙasa, har ya bugi katako.

Na ce damina ce, sukarin ya sha sanyi ya yi nauyi. Na ji muryata da kunnena, ta zama siririya. Mai kantin ya koma ya ɗauko nasa dutsen, na tagulla mai ƙyalli. Da na mai feray, daidai. Da nawa, nawa ya tashi sama kamar dā.

Mai feray ya ɗauki dutsena ya juya shi, gindinsa ya dubi sama. Shekara goma sha uku ina ɗaukar ƙarfen nan sau ɗari a yini, ta zobe nake kama shi, ban taɓa juya shi ba. Me zan nema a gindinsa? Ya tsinci ƙusa a ƙasa ya fara ƙwaƙula. Wani baƙin ɓawo ya ɓalle, sai ga jar ƙasa tana zubowa a tafin hannunsa, irin ta gidan gara, an cuɗa ta da ƙaro ta bushe. Ya ci gaba har rami ya bayyana, wanda babban yatsa zai shige, zoben kuma ya fara lilo. Sannan ya juya nasa dutsen ya nuna min: a daidai wurin nan an cika da dalma, an daddale ta, ga ƙaramin hatimi a kanta.

"Nan dalma ke zama," ya ce. "Da ita ake cika nauyin. Na sha sayen irinta a hannun mutane, na san daga inda take fitowa."

Ya mayar da dutsena kan faranti, ya dinga tsintar 'yan guntayen dalma yana ɗorawa a gefensa ɗaya bayan ɗaya, har sikelin ya daidaita. Ya kwashe su ya jijjiga a hannu. Duka-duka ba su fi girman goro ɗaya ba. Ya ce gram saba'in ne, ko sama da haka kaɗan.

Ni ban san gram a kai ba, a hannu na san shi. Gram saba'in tsoka biyu ce masu kyau, irin waɗanda uwa ke tsamowa daga miya ta ajiye wa maigida. A kowane kilo. Na fara lissafin kilo nawa nake sayarwa a yini, lissafin ya fi ƙarfina, na bari. Gyaran da nake jefa wa mutane a kan nama ina jin kaina wani mai kyauta, ashe ko ramin bai cike ba.

"Kai, ai mahauci ne!" in ji ɗaya daga cikin 'yan moton. Ya ga kuben wuƙa a ƙuguna. "Da wannan yake auna wa mutane nama!"

Matar da ta tafa hannu ɗazu ta sake tafawa, wannan karon a kaina. Aka bushe da dariya. Wani ya tambaya a wace kasuwa nake. Mai feray ne ya kore su. Ya ce su watse, nan ba sinima ba ce. Ya ce wa ɗan moton, "Wanda ya san dutsensa rami ne, zai ɗauko shi da hannunsa ya kawo gaban mutane? Ku yi hankali mana." Mutumin da na kira ɓarawo a gaban maƙwabtansa, minti goma ba a yi ba, shi ne ya tsaya min.

Ya auna min kilo biyar da dutsensa. Na ce ya faɗi kuɗinsa, ko dubu da ɗari biyar ɗin ne zan biya. Ya ce a'a, dubu da ɗari biyu ya ce, kuma yana nan a kai. Na biya. Ya naɗe 'yan guntayen nan da suka cike sikeli a takardar siminti daban, ya sa min a aljihu, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Na ce masa "Useko," na gode ke nan da Fulatanci, don a lokacin na kasa haɗa magana mai tsawo da kowane harshe. Haƙurin da ya kamata in ba shi, sai bayan mako guda na koma na bayar.

A kan moto, buhun dalma a cinyata, wani tunani ya zo min da ya fi kunyar ciwo. Duwatsun na mahaifina ne. Ni ban taɓa su ba. To wa ya taɓa? Na tuna shi zaune a bayan tebur, yadda yake jira sai farantan sun daina lilo sarai kafin ya sauke nama, yadda yake goge farantin tsakanin mai saye da mai saye don kada jinin wani ya shiga awon wani. Ashe duk wannan wasa ne? Ashe mutumin da nake rantsuwa da gaskiyarsa ya zauna wata rana da ƙusa a hannu? Hawaye suka zubo min, ɗan moton yana ta ba ni labarin tsadar mai.

Da na isa gida na wuce kai tsaye inda buhuna yake, na juya na kilo biyu, na juya na rabi. Baƙin ɓawon nan ne a gindin kowanne. Na ƙwaƙule su da tsinin wuƙa, jar ƙasa ta zubo.

La'asar ta yi sanyi, Baffa yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na ajiye masa dalmarsa. Ya buɗe da murna kamar an kawo masa tsire, yana karcewa, yana yabawa, yana tambayar nawa na saya. Na jera duwatsun uku a gabansa, gindinsu a sama.

"Baffa, kai ka fi ni sanin yayanka. Ka faɗa min gaskiya don Allah. Shi ya yi wannan?"

Ya leƙa ramukan, ya ɗago. "Yaya kuma? A'a. Ni ne na cire."

Haka ya faɗa, kamar an tambaye shi wa ya sha ruwan randa.

"Kai, Baffa?"

"Ni ne mana. Shekarar da ya rasu. Ka manta daminar? Aladu suka shiga gonarmu ta bakin kogi, kwana uku suna ɓarna. Ko ƙwayar harsashi ba ni da ita, kuɗi kuma duk sun tafi a asibiti da zaman makoki. Ina neman abin da zan narka, na ɗaga buhunka a zaure, na ji nauyi, na duba. Sai ga dalma mai kyau, tsantsa, an liƙe zobe da ita. Na ce wannan ai ɓarna ce, dalma irin wannan a yi liƙi da ita? Na cire, na liƙe maka zoben da ƙasar gara da ƙaro. Ka ga kuwa ya riƙe, shekara nawa yau?"

Har da ɗan alfahari a muryarsa. Na zuba masa ido, bakina a buɗe.

"Baffa, nauyin fa?"

"Wane nauyi? Ai ƙarfen yana nan, ban taɓa ƙarfen ba. Ga shi an rubuta kilo a jikinsa."

Ya yarda da abin da yake faɗa har cikin ransa. A wurinsa kilo shi ne ƙarfen, dalmar kuwa abin liƙi ce, kamar ƙaron da ya maye gurbinta da shi. Mutumin da ya san nauyin dalma fiye da kowa a unguwar, bai taɓa kawowa a ransa cewa nauyin nan yana cikin lissafin kilo ba. Tun da yake bai taɓa sayar da komai a kan sikeli ba.

Na so in yi ihu. Amma me zan ce? Masarar da ya tsare da harsashin nan ita muka ci a shekarar, ni da mahaifiyata da ƙannena, har kaka ta zagayo. Na ciro 'yar takardar simintin daga aljihu, na kwance, na zuba guntayen a tafin hannunsa. Na ce masa, a hankali yadda zan iya, wannan ne abin da ke fita daga hakkin duk wanda ya sayi kilo ɗaya a wurina, tun daga wancan lokacin har safiyar yau.

Ya auna su a hannu, hannun da ba ya kuskure a kan dalma. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Fuskarsa ta saki, leɓensa na ƙasa ya fara motsi. "Kullum?" ya ce. Na ce kullum. "Kowa da kowa?" Na ce kowa da kowa. Ya fara salati, ya kasa ƙarasawa. Ya ture buhun dalmar da na sayo masa gefe da ƙafarsa mai lafiya. Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba, ko ranar da aka binne yayansa, sai ranar. Na tashi na bar shi, na tafi cikin gari kafin a rufe kantuna na sayi sababbin duwatsu, na juya kowanne na duba gindinsa a gaban mai kantin.

Washegari na jera su a tebur, suna ƙyalli, kowa zai gane sababbi ne. Maƙwabcina na dama ya kalle su, ya kalle ni, ya juya ya ci gaba da wasa wuƙa. Ban kawo komai a raina ba. Abin da ya dame ni hannuna ne. Na saba in yanka sau ɗaya in ɗora, sikeli ya tsaya cak. Ranar duk yankan da na yi sai ya gaza, sai na ƙara, sai na sake ƙarawa kamar sabon shiga. Hannun ma ya koyi gajeren kilo.

Wajen ƙarfe takwas sai ga wata dattijuwa da muke kira Goggo, mai sayar da shinkafa da miya a bakin tasha. Tun zamanin mahaifina take sayen nama a teburin nan, kilo uku kowace safiya, ba ta taɓa zuwa wurin wani ba. Na yanke shawara tun a gida cewa da ita zan fara, don ita na fi ci wa hakki. Na gaishe ta, na ce ina da magana. Na faɗa mata komai, murya ƙasa-ƙasa, tun daga Jambutu har ƙofar ɗakin Baffa. Na ce ban san yadda zan biya ta ba, amma ta faɗi abin da ta ga ya dace, ko shekara zan yi ina ba ta nama kyauta.

Ta saurare ni har ƙarshe tana gyara lulluɓi. Na jira ta yi salati, ko ta zage ni. Sai ta ce, "Au, dama ba ka sani ba?"

Na ce, "Me, Goggo?"

"Ɗana, ina da sikelin awon shinkafa a gida. Tun kafin a yi sadakar arba'in ɗin babanka na ga naman ya ragu. Na auna, na sake aunawa. Na je na sami Sarkin Fawa na lokacin, Allah ya jiƙansa. Ya ce ba ni ce ta fara zuwa ba. Ya ce yaro ne, an bar masa uwa da marayu biyar, a ƙyale shi, in ya samu kansa zai daina."

"Kin ɗauka ni na cire?"

"To wa za mu ɗauka? Uba ya kwanta, kilo ya ragu." Ta faɗa ba da zafi ba. "Muka yi ta jira ka daina. Da ka aurar da ƙannenka mata na ce yanzu zai daina. Da ka sayi babur na ce to, yanzu kam. Daga baya sai na saba, na rage yankan naman da nake sa wa a faranti."

"Ku da wa, Goggo? Wa da wa ya sani?"

"Wa ne bai sani ba?"

Jiya a Jambutu dariya aka yi min, na ɗauka ba abin da zai fi wannan. Ashe akwai. Shekara goma sha uku mutanen nan suna kallona a matsayin ɓarawo, suna tausaya min, suna gaishe ni, suna cin goron sunan 'ya'yana, ina cika musu kunne da zancen gaskiyata suna gyaɗa kai. Da zagina suka yi tun farko, da na juya dutsen nan tun ina ɗan ashirin da biyu. Na ji haushinsu, na ji kunyarsu, na rasa wanne zan riƙe.

Na yanka mata nama na tula a faranti, na ƙara, na ƙara, har ya kusa kilo biyar. Ta miƙa hannu ta dinga cire tsokokin ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa kan tebur, idonta a kan sikeli, har farantan suka daidaita.

"Kilo uku na ce," in ji ta. "Ka ba ni kilo uku."

Ta biya, ta ɗora a ka, ta tafi. Na ɗaga ido na dubi layin mahauta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mutum goma sha ɗaya ne, wasu tare muka yi wasan ƙasa. Kowa ya duƙufa a kan namansa, ba wanda ya yarda muka haɗa ido.